Yadda ake daɓe ƙasa a cikin rami da injin rama

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman ƙannena masu tasowa a harkar gini da aikin famfo a ƙauyukanmu. Bayanin yau a kan injin nan ne da ake ce wa rama, wasu su ce kwamfakta, mai ƙafa ɗaya da yake tsalle yana dukan ƙasa. Yanzu ya fara yawa a wajenmu, daga Ringim zuwa Taura har Gujungu in ana ginin aji ko ɗakin shan magani ko ana jan bututu daga tankin burtsatse zaka ga an ɗauko shi haya daga Kano ko Dutse, to amma yawancin yaran da ake miƙa wa shi ba wanda ya zaunar da su ya nuna musu. Sai kaga an ture ƙasa duka cikin rami lokaci guda, an bi saman da inji sau biyu, sama tayi tauri kowa yana murna, alhali zurfin ƙafa biyu na can ƙasan ramin ko taɓa su dukan bai yi ba. Ruwan Agusta na zuwa wajen ya lotsa, daɓen ɗaki ya tsage, bututu ya karye a mahaɗa, a ce wai injin ne ba shi da ƙarfi. Injin ba shi da laifi wallahi, ƙasar ce aka ba shi fiye da abin da zai iya.

Kayan da zaka tanada

Injin kansa. Nauyinsa yana kai kilo 60 zuwa 80, faɗin tafin ƙafarsa wajen inci 11, kuma yana duka sau 600 zuwa 700 a minti ɗaya. Akwai Wacker Neuson da Bomag na Jamus, akwai Mikasa na Japan, sai kuma 'yan China da suka fi yawa a wajen masu bada haya, da yawansu da kan injin Honda ko mai kama da shi. Duk aikinsu ɗaya ne.

Fetur a jarka mai murfi, da baƙin mai, da sifana da abin kwance fulogi. Shebur biyu ko uku, diga, manjagara, baro ko kwanon sarki. Tef na awo da alli ko gawayi. Duro na ruwa da gwangwanin yayyafi irin na masu lambu, in babu ka huda ƙasan babban gwangwani da ƙusa ya isa. Madaɓin hannu guda ɗaya, wannan dole ne ko da akwai inji, zan faɗi yadda ake haɗa shi a ƙarshe. Guntun rodi mai kauri kamar ƙafa huɗu don gwaji. Igiya mai ƙwari, tsani, da falankai in ramin mai zurfi ne.

Na jikinka kuma: takalmi sau-ciki mai ƙarfe a baki, safar hannu, takunkumi saboda ƙura, hular kwano, da abin toshe kunne. Dan Allah kar ka riƙe injin nan da silifa a ƙafarka, in tafin ya sauka a kan yatsa sau ɗaya ya gama da shi. Ƙararsa kuma a cikin rami ninkuwa take yi.

Mutane aƙalla uku: mai riƙe inji, masu zuba ƙasa da bajewa, kuma dole a samu mutum ɗaya a sama kullum yana kallon bakin ramin.

1. Ka duba injin tun a wajen mai haya

Kar ka yarda a ɗora maka shi a mota ba a tashe shi a gabanka ba. Abu na farko da zaka tambaya, wane iri ne, mai cin fetur zalla ne ko wanda ake haɗa masa da mai? Mai fetur zalla yana da wajen baƙin mai daban irin na janareto, ka tsayar da shi a miƙe ka duba ma'auni. Wanda ake haɗawa kuwa yawanci 50 ne da 1, wato duk lita 5 na fetur mililita 100 na man 2T, amma ka karanta abin da aka rubuta a jikin tankin don wasu suna da tankin mai na daban su suke haɗa wa kansu. In ka zuba wa mai haɗi fetur zalla injin zai ƙone kafin azahar, kuma kai zaka biya.

Bayan man inji akwai wani mai na biyu da mutane da yawa basu san da shi ba, na cikin ƙafar, wanda yake jiƙa sifirin. Can ƙasa kusa da tafin akwai ɗan gilashi zagayayye, in injin yana tsaye a waje mai daidai ya kamata kaga mai wajen rabin gilashin. Ka shafa robar nan mai ninki-ninki ta tsakiya, in ta tsage ko tana naso kar ka karɓa, ƙasa zata shiga ciki ta cinye komai. Ka taɓa notunan tafin da sifana, ka buɗe filtar iska ka gani.

Wajen ɗaukowa a rufe famfon fetur, a ɗaure shi a tsaye in da hali. In dole sai an kwantar to ka tambayi mai shi ta wane gefe, don in ya kwanta ta inda bai dace ba baƙin mai zai gangara cikin filta da kafireto ka iso gida ya ƙi tashi.

2. Ka duba ramin kafin kowa ya shiga

Nan zan ɗan tsaya, don rai ake magana. Injin nan girgiza ƙasa yake yi, kuma bangon rami ma yana jin girgizar. Duk ramin da ya wuce ƙafa 4, wato mita 1.2, ko dai a kwantar da bangonsa ya zama gangare ko a tokare shi da falankai da sanduna a gicciye. A ƙasar rairayi irin ta wajen Gumel da Maigatari da Babura ni ko bai kai ƙafa huɗu ba bana sakin jiki da shi, rairayi baya bada sanarwa, yanzu yana tsaye yanzu ya zubo. Ƙasar da aka haƙo a janye ta daga bakin rami aƙalla ƙafa 2, in akwai fili ma ƙafa 3, kuma kar tifa ko amalanke su tsaya a gefen. In kaga tsaga tana bin bakin ramin ta sama ko ƙasa tana ɗan zubowa da kanta, kowa ya fito.

Sai hayaƙi. Hayaƙin da yake kashe mutane in sun kwana da janareto a ɗaki shi ne dai yake fita daga salansar wannan, kuma a rami mai zurfi mara faɗi taruwa yake yi. Ramin sokawe ko na masai mai zurfi ba wajen shiga da shi bane. Mai riƙe inji in ya ce kansa yana sarawa ko jiri yana ɗibarsa, a kashe a fito da shi iska nan take, ba maganar bari in ƙarasa wannan layin.

Ka kuma kalli maƙwabta. A ƙauye yawanci katangar ƙasa ce ko soron tubali ko tsohuwar rijiya da ba a ɗaure ba, in ramin ya bi ta gindinsu kar ka kai inji wajen, kayi da hannu. Gara ka ɓata awa ɗaya da a wayi gari katangar bawan Allah ta tsage a tafi gaban mai unguwa. Yara kuma zasu taru da sun ji ƙara, a sa babba ya kore su daga bakin ramin.

3. Ka san ƙasar da zaka mayar

Ba duk abin da ya fito daga rami ne zai koma ba. Ƙasar sama mai saiwoyi da ciyawa da taki a ware ta gefe, ruɓewa take yi ta bar kogo. Shara da leda da ƙasar bola ko kusa. Duwatsu da ɓaraguzan bulo da suka fi dunƙulen hannu a tsince su, manyan hoge a farfasa da bayan diga. In ramin ya ratsa gidan gara a tone shi har ƙarshe a cike.

Abin da rama ya fi so shi ne jar ƙasa da burji, da duk ƙasar da take da ɗan danƙo a jikinta. Rairayi zalla ba aikinsa bane sosai, zaka ga yana tona yana watsa shi gefe yana nutsewa, wannan na injin faranti ne mai shafe ƙasa da girgiza. In rairayin kawai gare ka to ka jiƙa shi sosai fiye da yadda zaka jiƙa jar ƙasa, ko ka sa a kawo burji ka gauraya. Ita kuma baƙar lakar fadama, irin ta wajen Hadejia da Auyo ko gonakin shinkafa na Kura, wadda take dararrabewa da rani ta kumbura da damina, a ramin bututu cikin gona ba komai a mayar da ita, amma a gindin gini ko ƙarƙashin daɓen ɗaki ni bana mayarwa ko mai gida ya matsa. Duk yadda ka daɓe ta sai ta motsa. A kwashe a kawo burji.

Ka sa a ranka cewa in ka ware ta sama da duwatsu kuma ka daɓe da kyau, sau da yawa ƙasar bata isa, gara tun farko ka gaya wa mai aikin ya tanadi ƙari.

4. Danshi, nan ne rabin aikin

Busasshiyar ƙasa bata daɓuwa, ƙura kawai zaka tayar ka ƙona fetur. Wadda ta sha ruwa da yawa ita ma bata daɓuwa don ruwa ya cike gurbin da ƙasar zata matse ta shiga. Abin da ake nema tsakiya ne, kuma hannunka ne ma'auni. Ka ɗebo daga cikin tulin, ba daga sama ba, ka dunƙula kamar curin fura. In ka buɗe hannu ta warwatse, ta bushe. In ta manne maka a tafi tana ƙyalli ko ruwa yana fitowa tsakanin yatsu, tayi yawa. In ta tsaya a dunƙule hannunka bai jiƙe ba, ka sake ta daga daidai ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to ita ce.

Da rani, musamman Maris da Afrilu, kar ka jira sai ka zuba a rami sannan ka watsa ruwa, saman ne kawai zai jiƙe ya zama taɓo cikin yana nan a bushe. Abin da nake yi, tun da yamma bayan la'asar a baje tulin a yayyafa ruwa a juya da shebur a ƙara yayyafawa a tara a rufe da buhuna ko tamfol, ya kwana. Da asuba zaka samu danshin ya ratsa ko'ina daidai. Ku fara da sassafe kafin rana ta shanye, in ta ɗaga a riƙa ɗan yayyafi a kan kowane zubi, wato shimfiɗar ƙasar da ake zubawa a daɓe kafin a ƙara wata. Ruwan da ake buƙata yana da yawa fiye da yadda mutane suke zato, ka shirya da masu kura ko amalanke tun jiya, kar aiki ya tsaya ana jiran jarka.

Da damina kuma akasin haka ne. In an kwana ana ruwa a kwashe wanda ya kwanta a ramin, a kankare taɓon ƙasan, a baje tulin ya sha iska ko a gauraya da busasshiya. Alamar da zaka gane tayi ruwa da yawa, inji yana duka nan can gefe yana tasowa, ka taka ta lotsa ka ɗaga ƙafa ta dawo. In kaga haka ka tsaya, ƙarin duka ƙara lalata ta yake yi, sai an kwashe wannan zubin.

5. Ka zana awo a bangon ramin

Kowane zubi inci 6 zuwa 8 ne kafin a daɓe, wato santimita 15 zuwa 20. In laka ce mai danƙo ka tsaya a 6. Masu injin zasu ce maka yana iya ƙafa ɗaya ko fiye, a ƙasa mai kyau da sabon inji wataƙila, amma na haya da ya sha wuya kar ka gwada. Inci 8 in ya daɓu zai koma wajen 6, kenan ramin da zurfinsa ƙafa 3 ne zubi shida zai ci, ba biyu ba.

Leburori in sun gaji hannunsu yana nauyi, kuma in kwangilar ciko aka basu sauri suke so, wannan ba abin faɗa bane. Maganinsa ka yanki kara ko sanda inci 8 ka ba mai bajewa ya riƙa cakawa, ko ka zana layi da gawayi a jikin bulo. A baje da manjagara ya kwanta daidai, don in wani waje tudu wani kwari injin zai riƙa karkacewa yana neman faɗuwa.

Kafin zubin farko ma, ƙasan ramin kansa a bi shi da inji sau biyu, musamman ramin fandisho kafin a zuba kankare. Duk inda ka ji taushi a tone a cike da burji.

6. Saukar da inji da tayar da shi

A kashe yake sauka. Ko dai a sassare ƙarshen ramin ya zama gangare a gangara da shi, ko mutum biyu a sama da igiya ɗaure a ƙarfen ɗauka, kuma kar kowa ya tsaya a ƙarƙashinsa sai ya dire.

Ka tsayar da shi a kan sakakkiyar ƙasa. Ba a tashinsa a kan kankare ko kwalta ko dutse, dukan yana komawa cikinsa ya karya sifirin ya fasa tafin. Buɗe famfon fetur, kunna makunni, rufe cok in injin bai yi ɗumi ba, totur yana ƙasa, ka riƙe mariƙin injin da hannu ɗaya ka ja igiyar tashi. Ya tashi ka buɗe cok ka bar shi a silo minti biyu ko uku ya yi ɗumi, a silo baya tsalle.

In zaka fara sai ka tura totur gaba ɗaya lokaci guda har ƙarshe. Wannan kuskure ne da sabbin hannu suke yawan yi, tsoro ya sa su bar shi a rabi wai don ya yi a hankali. A rabi kuloci baya kamawa sosai, gogawa yake yi yana zafi har ya cinye, kuma tsallen ma ba daidai zai riƙa yi ba ya fi wahalar riƙewa. Ko silo ko cikakke, ba tsakiya.

7. Yadda ake tafiyar da shi

An ƙera shi a ɗan karkace don ya riƙa tafiya gaba da kansa. Naka kawai saiti. Ka tsaya a bayansa, ƙafafu a ware nesa da tafin, hannu biyu a kan mariƙin amma a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Kar ka danna shi ƙasa wai don ya ƙara ƙarfi, rage masa tsalle kake yi, kar kuma ka riƙe shi ƙam kana kokawa da shi, duk girgizar a kafaɗarka zata ƙare kafin awa ɗaya ka gaji. Ka lura tafin yana sauka a shimfiɗe, ba da baki ko da dunduniya ba. In yana gudu da yawa ko yana tsayawa waje ɗaya, ɗan ɗaga mariƙin ko sauke shi kaɗan zaka ji inda ya daidaita, wannan hannu ne yake koya cikin minti goma.

Ka fara da gefe, ka bi bango ɗaya har ƙarshe ka juyo ta ɗaya bangon sannan tsakiya. Kowane layi ya hau kan na baya da kamar inci 3 ko 4 don kar a bar tsiri a tsakani. Ramin da faɗinsa ƙafa 2 ne layi uku kenan. Ka bi duka sau uku, in laka ce sau huɗu. Kusurwa da lungun da tafin baya shiga a bi da madaɓin hannu a wannan zubin, kar a ce sai an zo sama, nan ne ruwa yake fara samun hanya.

Kunnenka zai gaya maka in ya isa. Da farko sautin a dushe yake kuma tafin yana barin sawu mai zurfi, in ta daɓu sautin zai koma kau-kau, sawun ya ɓace, injin ya fara tsalle sama-sama yana neman ƙwacewa. To ya isa, ka matsa gaba, ci gaba da duka a nan injin kake kashewa.

In ya faɗi kar ka yi ƙoƙarin tare shi da jiki, ka matsa ka kashe makunni sannan a tayar da shi tsaye a bar shi ɗan lokaci. Ku riƙa karɓa-karɓa duk bayan kamar minti 20 zuwa 30, in yatsu suka fara dindiris alama ce ta a huta. Ƙarin fetur kuma sai an kashe ya huce, ba taba sigari a kusa.

8. Gwaji kafin zubi na gaba

Ka daki wajen da dunduniyar takalmi, bai kamata ta shiga ba. Sannan ka ɗauki rodin ka danna da nauyin jikinka a wurare da dama, musamman gefe da kusurwa. In ya tsaya a inci ɗaya ko biyu lafiya, in ya zurma ka sake bi, in ka sake bi bai canja ba to ko zubin yayi kauri ko danshin bai yi ba. A manyan ayyuka injiniya yana zuwa ya haƙa ɗan rami ya auna da yashi, yawanci kashi 95 cikin 100 na matsewar da ƙasar ta yi a ɗakin gwaji suke nema, mu a ƙauye rodi ne namu kuma in kayi zubi siriri da danshi daidai ba zaka ji kunya ba ko sun zo.

In saman yayi sulɓi ka ɗan karce shi da manjagara ka yayyafa ruwa kaɗan kafin sabon zubi don su kama juna. Haka zaka yi ta yi har sama.

9. In akwai bututu ko waya a ramin

Bututun roba baya ɗaukar dukan rama kai tsaye, ko bai fashe a ranar ba zai tsage ko ya lotse ya riƙa yoyo a ɓoye. A shimfiɗa yashi mai laushi inci 4 a ƙasa, a kwantar da bututu, a zuba yashi gefe da gefe a cusa shi ƙarƙashin cikin bututun da guntun katako, ɓangare biyun suna tashi tare don kar ya goce. A ci gaba da ƙasa mai laushi mara dutse ana daɓewa da hannu har sai an samu ƙafa ɗaya cur a saman bututun, santimita 30. Daga nan ne inji zai hau. Kuma kafin a rufe mahaɗai a saki ruwa daga tanki a gani ko akwai yoyo, tono bayan an daɓe ba ƙaramin aiki bane.

Wayar wuta ma haka, yashi ƙasa yashi sama, sannan a shimfiɗa ledar gargaɗi ko jerin bulo a tsakiyar cikon saboda wanda zai zo haƙa nan gaba. Inda ramin ya tsallaka hanyar da tifa da tarakta suke bi a zura bututun cikin wani babba mai ƙwari, zubin sama kuma ya zama burji. Kwalbati ma gefe biyun tare ake cikewa, zubi nan zubi can.

10. In gefen fandisho ne

Kar a gama jera bulo yau gobe a kawo inji. A ba shi kamar mako guda ana ba shi ruwa, kuma bulon ƙasa inci 9 a cike ramukansa da kankare. A cike ciki da waje tare, in ka daɓe ciki har sama waje yana wofi zaka ture ginin ko ka tsaga shi a layin siminti, wani lokaci ba za a gani ba sai an yi filasta. Ka bar tazarar kamar tafin hannu tsakanin injin da bulo, wannan tsirin na madaɓin hannu ne.

11. Rufewa da ajiye inji

A fili ka bar saman da ɗan tudu kamar inci 2 don ruwa ya gangare gefe kar ya bi layin ramin. In cikin gona ne ƙafa ɗaya ta sama kar ka daɓe, ka mayar da ƙasar saman nan da ka ware ka taka da ƙafa kawai, in ba haka ba shuka ba zata yi a layin ba kuma garma zata sha wuya. Ramin da ba a gama ba a kare shi da ƙaya ko itace da daddare saboda yara da dabbobi.

Wajen kashewa ka dawo da totur silo ya ɗan huce, ka rufe famfon fetur, in an gama aikin ranar ka bar shi ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa. Ka kankare lakar tafin, ka sake bin notuna, ka kakkaɓe filta. Lokacin hunturu da ƙura filtar nan kullum ne, wani lokaci har da rana, in kaga yana baƙin hayaƙi ko ƙarfinsa ya ragu ita zaka fara dubawa. In inji yana ƙara amma baya tsalle, ko wayar totur ta saki ko kuloci ya cinye, na farkon zaka iya ɗaurewa, na biyun ka kira mai shi kar ka ba makaniken babur ya buɗe.

In babu inji ko ya lalace a tsakiyar aiki

Ba a fasa aiki. Ka samu gwangwanin fenti na lita 4, ka buga ƙusoshi a gindin sanda mai ƙwari ko guntun fayif na ƙarfe, ka tsayar a tsakiya ka cika da kankare, bayan kwana uku ka samu madaɓi mai nauyin kilo 9 zuwa 10. Guntun kututture mai shafaffen gindi da aka kafa wa hannu biyu shi ma yana yi. Bambancin kawai zubin zai koma inci 3 zuwa 4, a ɗaga madaɓin zuwa gwiwa a sake shi, kowane duka ya hau rabin na baya, mutum uku ko huɗu a jere suna tafiya tare. Gwajin danshi da na rodi duk suna nan yadda suke.

Su kuma masu cewa a cika ramin a sako masa ruwa ya zauna da kansa, wannan a rairayi zalla ne yake ɗan yi, inda ruwan zai tsiyaye ya wuce, shi ma zubi-zubi ana caccakawa da rodi, kuma ba a gindin katangar ƙasa ba. A jar ƙasa ko laka taɓo kawai zaka haɗa, sai ya yi makonni bai bushe ba, in ya bushe kuma ya ja ya tsattsage, dole dai a tone a sake.